Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

A arewacin birnin New York, cikin gundumar da a ke kira Bronx, akwai wata unguwa mai suna Morrisania. Wanda ya bi titin Webster ranar Juma'a da azahar zai ga mutane da manyan riguna da huluna suna sauri zuwa masallaci, in kuwa ya kasa kunne zai ji Hausa cikin harsunan da a ke yi. Da yawa daga cikin masu Hausan nan daga zangunan Accra da Kumasi suka zo, waɗansu kuwa daga Nijar da Nijeriya da Togo. In mutum ya tashi daga unguwar ya shiga mota ya nufi kudu maso yamma, cikin kamar awa uku zai isa ƙasar Lancaster ta jihar Pennsylvania. Can zai tarar da waɗansu Turawa masu dogon gemu da baƙaƙen tufafi, suna noma da dawaki, suna tafiya cikin keken doki. Su ne a ke kira Amishawa.

Mutanen wuraren nan biyu ba su san juna ba, amma abu guda ya haɗa su, watau duniya ta san su ne ta bakin waɗansu. Cikin 1981 aka fitar da wani fim mai suna Fort Apache, The Bronx. Bayan shekara huɗu, cikin 1985, aka fitar da wani mai suna Witness, a kan Amishawa. Na farko ya nuna wa mutane wuta, na biyu ya nuna musu aljanna. Har yau yawancin abin da a ke faɗi game da wuraren nan yana da ƙanshin finafinan biyu, sabo da haka ya kamata a auna su a ga inda suka yi gaskiya da inda suka kauce.

Asalin Amishawa daga ƙasar Suwizalan ne. Cikin 1525 a birnin Zurich waɗansu Kiristoci suka ce ba a yi wa jariri baftisma, sai mutum ya girma ya zaɓa da kansa. Suka ce kuma ba su ɗaukar makami, ba su yin rantsuwa. Hukuma ta tasam musu, cikin 1527 aka nutsar da ɗaya daga cikin shugabanninsu, Felix Manz, a kogin da ya ratsa birnin. Cikin 1693 wani malaminsu mai suna Jakob Ammann ya ga jama'a ta yi sanyi, ya ce lalle a ƙaurace wa duk wanda aka fitar daga ikkilisiya, ko cin abinci kada a yi da shi. Waɗanda suka bi shi su ne suka ɗauki sunansa. Cikin 1737 wani jirgin ruwa ya sauke iyalai da dama daga cikinsu a Philadelphia, waɗansu kuma suka biyo baya. A Turai ba su yi saura ba, jama'arsu ta ƙarshe ta narke cikin wata ɗarika a 1937. A Amurka kuwa sai yaɗo su ke yi kamar kabewa. Wajen 1900 ba su fi mutum 5,000 ba, amma cikin 2024 sun haura 400,000, don kowace shekara ashirin ko kusa da haka yawansu ya kan ninka. A jihar New York kanta akwai fiye da 20,000, tun daga waɗanda suka sauka a kwarin Conewango cikin 1949.

To, ga yadda labarin Witness ya ke. Wata Ba'amishiya mai suna Rachel, wadda mijinta ya rasu, ta kama hanya da ɗanta ƙarami. A tashar jirgin ƙasa ta Philadelphia yaron ya shiga bayan gida, ya ga an yanka wani mutum. Ɗan sandan da aka ba bincike, John Book, ya gano manyansa ne suka yi kisan. Suka harbe shi, ya gudu da rauni ya kai matar da yaron gida, ya ɓuya a gonarsu. Peter Weir ne ya shirya fim ɗin, Harrison Ford ya fito a matsayin ɗan sandan.

Ba a ƙi gaskiya ba, wurare biyu cikin fim ɗin sun yi kyau ƙwarai. Na farko shi ne ranar da jama'a ta taru don ta gina wa sababbin ma'aurata babban rumbun katako. Maza suna bisa suna kafa ginshiƙai, mata suna shirya abinci, yara suna kai ƙusa, kafin faɗuwar rana gini ya tsaya. Kusan babu magana a wurin, aiki kaɗai a ke gani. Bahaushen da ya taɓa zuwa gayya ba ya bukatar a fassara masa kome. Na biyu shi ne ƙarshen labarin. Da mugayen 'yan sandan suka zo gonar da bindigogi, sai yaron ya kaɗa ƙararrawa, maƙwabta suka bar gonakinsu suka sheƙo, ba wanda ya riƙe ko sanda. Suka tsaya suna kallo kawai. Babban mugun ya ga ba shi da halin kashe shaidu masu yawa haka, ya sauke bindiga. A nan mai fim ya fahimci wani abu na gaske game da mutanen da suka ƙi ɗaukar makami.

Amma fa aibin fim ɗin ya fi wannan zurfi. Tun daga farko har ƙarshe, da idon ɗan sanda mai kallo ya ke ganin Amishawa. Ba domin kansu aka kawo su cikin labarin ba, an kawo su ne su yi jinyar mutumin birni, su shayar da shi madara, su huce masa zuciya, sa'an nan ya shiga motarsa ya koma. Akwai wurin da waɗansu samari 'yan iska suka tare keken doki a gari, suka shafa wa wani Ba'amishe askirim a fuska, shi kuwa bai ko motsa ba. Sai John Book ya sauko cikin tufafin Amishawa ya fasa wa ɗaya hanci. Gaskiya ne labarin ya nuna wannan naushi shi ya tona asirin maɓoyarsa. Duk da haka an shirya wurin ne don mai kallo ya ji sanyi a ransa, ya ce madalla. Watau fim ɗin yana yabon haƙurin mutanen nan da baki, amma dunƙulen hannu ya ke sa a yi wa tafi.

Wani abin kuma, Amishawa ba su yarda su tsaya a ɗauke su hoto, suna ganin wannan nuna kai ne. Sabo da haka duk manyan 'yan wasan da suka fito da gemu da hula cikin fim ɗin aro suka yi. John Hostetler, wanda aka haifa cikin Amishawa ya kuma zama shaihun malami a jami'ar Temple, mai littafin Amish Society na 1963, ya fito fili ya soki yin fim ɗin. Ba a saurare shi ba. Fim ya ci lambobin Oscar biyu, 'yan yawon buɗe ido kuwa suka daɗa kwarara Lancaster, kowa da kyamara a hannu. Mutanen da suka fi kowa ƙin hoto sun zama suna cikin waɗanda aka fi ɗauka a Amurka.

Daga irin wannan kallo ne maganganu uku suka samu gindin zama. Ta farko, wai Amishawa sun tsaya cak tun zamanin kakanninsu, sun haramta duk abin da ya ke sabo. Ba haka abin ya ke ba. Ba su jan wayar lantarki ta kamfani zuwa gida, amma da yawa suna aiki da batir da injin dizal da faifan hasken rana. Tun wajen 1910 na Lancaster suka hana sa tarho cikin gida, amma a kan gina wata 'yar rumfa a bakin hanya a sa shi ciki, gidaje da dama su riƙa amfani da shi. Ba su mallakar mota, amma su kan yi hayar direba, su kan shiga bas da jirgin ƙasa. Tambayar da su ke yi wa kowane sabon abu ita ce, zai tara jama'a ko zai watsa ta? Doki ba ya nisa, don haka mai doki dole ya yi ciniki da ibada da aure kusa da gida. Mai mota kuwa ya fi ƙarfin unguwa. Ba su da wani babban shugaba guda. Kowace jama'a, gida ashirin zuwa arba'in, tana da ƙa'idarta da a ke kira Ordnung, wadda a ke sabunta yarda da ita sau biyu a shekara. Yawancinsu ba su gina coci, a gidajen juna su ke taruwa ran Lahadi, mako guda a yi, mako guda a huta. Da ƙuri'a a ke zaɓen limamansu, ba a kuwa biyansu ko anini. Abin da wata jama'a ta halatta, ta kusa da ita tana iya hanawa.

Magana ta biyu, wai dukansu manoma ne, kuma ba su biyan haraji. Ƙasa ta yi tsada, 'ya'ya sun yi yawa, yanzu mafi yawan magidantansu ba da noma su ke ci ba. Akwai kafintoci da magina da masu kanti, a arewacin jihar Indiana kuwa da yawa suna aiki a masana'antar motocin da a ke kwana ciki. Haraji kuma suna biya, har da na makarantun gwamnati waɗanda yawancin 'ya'yansu ba su shiga. Abin da suka ƙi shi ne asusun gwamnati na tsufa, don sun ce kula da tsoho aikin 'ya'yansa ne da jama'arsa. Cikin 1961 ma'aikatan haraji suka ƙwace dawakin wani manomi mai suna Valentine Byler yana tsakiyar huɗa, aka yi ta surutu a ƙasar, har majalisa ta yafe musu wannan kuɗi cikin 1965. Ba su zubawa, ba su kuma karɓa.

Magana ta uku ita ce wadda masu talabijin suka fi so, wai in yaro ya kai shekara goma sha shida a kan sake shi ya tafi birni ya sha giya ya yi abin da ya ga dama, kana ya zaɓa. Cikin 2012 tashar TLC ta fara wani shiri mai suna Breaking Amish, inda aka kawo samari da 'yammata biyar birnin New York, ana nuna su suna ɗaga kai suna kallon dogayen benaye kamar baƙauyen da ya fara shiga kasuwar Kurmi. Ba a daɗe ba jaridu suka tono cewa waɗansunsu sun jima da barin gida. Lokacin nan da su ke kira Rumspringa akwai shi, amma yawancin samarin a gidan iyayensu su ke kwana, abin da su ke yi bai wuce wasan ƙwallo da taron waƙa da neman aure ba, ko da ya ke a kan sami masu wuce gona da iri. A ƙarshe wajen 85 cikin 100 su kan karɓi baftisma su zauna.

Mai yabo ma yana da nasa kuskure, don kallon kitse ya ke yi wa rogo. Ran 2 ga Oktoba 2006 wani direban motar madara, wanda ba Ba'amishe ba ne, ya shiga wata 'yar makaranta a Nickel Mines ya harbe 'yammata goma, biyar suka mutu, ya kashe kansa. A ranar nan Amishawa suka je wurin iyalinsa suka ce sun yafe, suka halarci jana'izarsa, suka kuma ba matarsa wani kaso daga gudummawar da aka aiko musu. Duniya ta yi mamaki, ta kuwa cancanci ta yi. Amma jama'ar da ta yafe wa mai kisa ita ce kuma ta kan ƙi cin abinci a teburi guda da ɗanta in ya karya alkawarin baftisma ya fita. Su a wurinsu ba saɓani, sun ce ƙauracewa magani ne mai ɗaci don mai laifi ya komo. Wanda aka yi wa shi ya san zafinsa. An kuma sha samun inda aka ci zarafin yara ko mata, manya suka rufe maganar cikin ikkilisiya ba a kai wa hukuma ba.

Sai batun makaranta. A aji takwas karatunsu ya ke tsayawa. Cikin 1972 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke shari'ar jihar Wisconsin da wani Ba'amishe mai suna Jonas Yoder, ta ce ba za a tilasta musu kai yara gaba da nan ba. Alƙali guda, William O. Douglas, ya ja da wani sashe na hukuncin, ya ce an ji ta bakin iyaye, amma ya kamata a ji ta bakin yaran, don rayuwarsu ce a ke yankewa. Yarinyar da ta so zama likita ba ta cikin Witness, ba ta kuma cikin hotunan da a ke sayar wa baƙi.

Yanzu a komo Morrisania. Sunan unguwar daga gidan Morris ya fito, masu gandun da ya mamaye wurin a da. Ɗaya daga cikinsu, Lewis Morris, ya sa hannu a takardar 'yancin Amurka ta 1776. Cikin ƙarni na 19 Jamusawa suka cika wurin suka kafa masana'antun giya, bayansu Yahudawa, sa'an nan daga wajen 1940 baƙaƙen Amurka da mutanen tsibiran Karibiyan da na Puerto Rico. A lokacin nan titin Boston Road cike ya ke da gidajen kiɗa. A makarantar Morris ta unguwar Colin Powell ya gama sakandare cikin 1954, wanda daga baya ya zama sakataren harkokin waje na Amurka. Sai masifa ta sauko. Aka tsaga babbar hanyar mota ta ratsa Bronx ta rushe dubban gidaje, bankuna suka ƙi ba da rance a unguwannin baƙaƙe, masana'antu suka tashi, hukumar birni ta rage 'yan kwana-kwana. Waɗansu masu gidajen haya suka ga kuɗin inshora ya fi kuɗin haya, suka sa aka cinna wa gidajensu wuta. Tsakanin 1970 da 1980 mutanen yankin suka ragu daga wajen 150,000 zuwa wajen 54,000. Cikin Oktoba 1977 Shugaba Jimmy Carter ya zo ya tsaya cikin kufai a titin Charlotte, hoton ya zaga duniya.

A kan wannan kufai aka gina Fort Apache, The Bronx. Daniel Petrie ya shirya shi, Paul Newman ya fito a matsayin wani ɗan sanda mai suna Murphy a ofishinsu na titin Simpson, ba nisa da Morrisania. Sunan kansa ya isa shaida, don laƙabi ne da 'yan sanda suka ba ofishin, suna kamanta shi da sansanin soja a tsakiyar ƙasar abokan gaba. Fim ɗin bai rufa wa 'yan sanda asiri ba, ya nuna ɗayansu ya jefo wani saurayi marar laifi daga kan bene. Amma in mai kallo ya duba mutanen unguwa, da ƙyar zai ga wanda ba ɓarawo ba, ba karuwa ba, ba mashayi ba. Ko ma'aikaciyar asibitin da Murphy ya ke so, a ƙarshe an nuna tana yi wa kanta allurar ƙwaya. Mutanen yankin suka kafa kwamiti suka yi ta zanga-zanga tun ana ɗaukar fim ɗin. Abin da suka samu shi ne 'yan layuka da aka rubuta a farkonsa, masu cewa labarin bai shafi mutanen kirki na wurin ba. Rubutun minti guda ba ya wanke hoton awa biyu.

Mutanen kirkin nan kuwa suna nan suna aiki. Tun 1974 wata mata mai suna Genevieve Brooks da maƙwabtanta suka kafa ƙungiyar Mid-Bronx Desperadoes don ceton gidajen da suka rage. Kafin shekarun 1980 su ƙare an gina ƙananan gidaje 89 masu shinge da ciyawa a daidai inda Carter ya tsaya. Wannan ma gayya ce, ba ta kasa ta rumbun Amishawa ba, amma ba a yi mata fim da ya zaga duniya ba. Cikin unguwannin da aka farfaɗo haka ne mutanen Afirka ta Yamma suka sami ɗakunan haya, suka buɗe kantuna, suka mai da shaguna masallatai.

In an jera finafinan biyu, sai a ga hannu ɗaya ya dafa su. Cikin kowanne, Bature ɗan sanda ne ya ke riƙe da hannun mai kallo ya shigar da shi wurin baƙin mutane. Cikin kowanne, mutanen wurin ba su da ta cewa, shimfiɗa ce kawai da jarumi ya ke takawa. Mutumin Amurka da ya gaji da birni ya nemi abin da zai ji tsoro ya samu a Bronx, ya nemi abin da zai yi bege ya samu a Lancaster. Ƙasar Hausa ma ba ta kuɓuta daga wannan hali ba. Mutumin birni ya kan yi wa Bafilatanin daji dariya da safe, da yamma ya yaba kunyarsa da haƙurinsa, alhali bai taɓa kwana a ruga ba. Masu kyamara kuma su kan zo daga Turai su ɗauki samarin Wodaɓe suna rawar Gerewol da kwalliya a ƙasar Nijar, kamar yadda Werner Herzog ya yi cikin 1989, har duniya ta zaci rawa ce sana'arsu, ba kiwo da neman rijiya ba.

Ga magidancin da ya ke zaune a Morrisania, wannan magana ba ta nishaɗi ba ce. Ya kan yi wa ɗansa magana da Hausa, ɗan ya amsa da Turanci. In ya ji labarin waɗansu mutane da suka yi kusan shekara ɗari uku a Amurka, har yau 'ya'yansu da harshen Jamusancin kakanninsu su ke fara magana, dole ya so sanin sirrin. Fim ba zai gaya masa ba, don sirrin ba ya cikin gemu ko keken doki. Amishawa suna zaune kusa da juna, suna da makarantunsu, uba da ɗa suna aiki wuri guda, suna aure a junansu. Sun kuma biya kuɗin wannan da tsada, sun bar jami'a, sun bar aikin likita da na lauya, wani lokaci sun bar ɗan da suka haifa. Jamusawan da suka zauna a Morrisania ba su biya wannan kuɗi ba, jikokinsu suka shiga ko'ina suka yi arziki, harshen kuwa ya ɓace daga unguwar. Bahaushen da ya ƙetare teku domin 'ya'yansa su yi karatu ba zai bi hanyar Amishawa ba. Abin da zai iya ɗauka a wurinsu shi ne al'adar zama a yi shawara a kan kowane sabon abu, a tambayi abin da zai ƙara wa gida da abin da zai rage, tun bai shigo ba.

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ya ke zuba masa. Wanda ya ke son sanin Amishawa ya fara da abin da waɗanda suka tashi cikinsu suka rubuta, na zaune da waɗanda suka fita. Wanda ya ke son sanin Morrisania kuwa, jami'ar Fordham ta tara hirarrakin tsofaffin unguwar tun daga 2003, suna ba da labarinta da bakinsu.